Anon, Kalmar da Na Koya wa Mumuni

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga karatun yara a masallaci, ɗan Alhaji Garba ya ɗaga wayarsa a gabana ya ce, da Turanci kuma, wai sana'ata ta mutu, ga waya tana fassara Hausa a kyauta. Sauranku kuka bushe da dariya. Wata ma ta ƙara da cewa ai aikin tafinta ba wani aiki ba ne, duk mai harshe biyu zai iya. Na ƙyale ku a lokacin. Amma tun da ku kuka tsokano, sai ku saurara. Kun san ni da Malam Ɗahiru mai baƙar jaka, kuma na haura shekara ashirin ina tsayawa tsakanin mutanenmu da alƙalai da likitocin garin nan na ƙasar Turawa.

Aikin farko da na gani da idona a asibiti ne, kuma ranar ban buɗe baki ba. Lokacin ina ɗaukar kaya a wani babban sito a bayan titin Wendover, ni da na yi shekaru ina koyar da Turanci a sakandare a Funtua. Alhaji Ma'azu, wani dattijo mutumin Maraɗi, shi kaɗai ne tafintan Hausa da ake kira a nan. Ya ji ni ina gardama da wani a kan ma'anar wata kalma bayan sallar Juma'a, sai ya ce in raka shi. Matar da muka je wa ta dafe ƙirji tana cewa, "Zuciyata tashi take yi tun shekaranjiya." Alhaji ya dubi likita ya ce da Turanci, "Amai nake ji tun shekaranjiya," kamar shi ne mai ciwon. Ɗan Alhaji Garba, ka gwada wannan a wayarka ka gani, in ba wurin likitan zuciya za ta tura baiwar Allah ba.

Da muka fito Alhaji ya ce mini, "Malam, na ji Turancinka, ya fi nawa. Amma ba Turanci ake saye a nan ba. Mu gada ne. Ka taɓa ganin wanda ya haye gada ya tsaya gaishe ta?"

Na yi watanni ina bin sa ina riƙe masa jaka kafin ya bar ni na fassara ko da sallama. Shi ya koya mini kada in ce "ta ce" ko "ya ce", in ɗauki maganar mutum a bakina yadda ya faɗe ta, in ya yi zagi in yi zagi, in ya yi ƙarya in yi ƙaryar, ba ragi ba ƙari. Shi ya koya mini wurin tsayawa, ɗan baya da kafaɗar mutum, don likita ya riƙa kallon marar lafiya ba ni ba. Kayan aikin ma a wurinsa na gaje su, kuma har yau su ne a jakar da kuke yi wa dariya: ƙaramin littafi na kama sunaye da lambobi, wanda ake yage shafukansa a lalata da zarar an gama, biro biyu don ɗaya yakan mutu ana tsakiyar rantsuwa, gorar ruwa, alawar maƙogwaro, da 'yar na'urar da nake raɗa a cikinta mutum yana ji a kunne. Sai takalmi mai taushi. Tafintan da takalminsa ke ƙara a kotu ya riga ya yi magana kafin a ba shi izini.

Mutanenmu kuwa, Allah ya bar mu tare. Wani zai jawo hannunka a baranda ya ce, "Malam, kai ka san Turawan nan, ka gyara maganar yadda za ta yi daɗi." Wata za ta ce kada ka faɗa wa likita tana shan jiƙon da aka aiko mata daga gida. Ka ƙi, su yi fushi. Sannan ka haɗu da su a masallaci ko a wurin suna, ka san cutar da ke jikinsu, ka san abin da ya kai su gaban alƙali, ka gaishe su kamar ba ka taɓa ganinsu a ko'ina ba. Uwargidana ta gaji ta daina tambayata inda na wuni.

Akwai wani tsohon alƙali a kotun cikin gari, dogo, furfura har gira, ya daɗe da yin ritaya, ba zan kama sunansa ba. Mutumin kirki ne, sai dai yana da son tsoffin kalmomi kamar yadda wasu ke son tsoffin motoci. Ranar farko da na tsaya a gabansa, a kan shari'ar wasu maƙwabta biyu da suka yi faɗa saboda wurin ajiye mota, ya miƙe ya ce za a koma kan maganar "anon", ya shige ofishinsa. Na san kalmar tun a Funtua, cikin tsoffin wasannin kwaikwayon da muke karantar da yara don jarrabawa, kuma a can muna ce musu tana nufin an jima kaɗan. Ban rufe birona ba sai ga alƙali ya dawo. Wani makon ya sake faɗar kalmar nan, muka zauna muna hamma har bayan cin abincin rana. Kalma ɗaya, baki ɗaya, jira iri biyu. Abin ya tsaya mini a rai.

Sai na shiga zuwa laburaren cikin gari in an tashi, inda suke da wani ƙamus mai juzu'i da yawa, wanda ke bin kowace kalma tun daga haihuwarta. A nan na ga asalinta. Fiye da shekara dubu da suka wuce kalmomi biyu ne, "on" da "an", wato a cikin ɗaya. In an ce mutum ya tafi haka, ana nufin ya miƙe a tafiya ɗaya, bai ratse ba, bai yada zango ba. Daga nan suka manne suka zama kalma guda mai nufin nan take. In babba ya ce a yi abu anon, to kafin ya rufe baki ake so a fara. Sai ta faɗa bakin barori da masu hidima a masaukai. Baƙo ya ƙwala kira, bara ya amsa daga can ciki, "Anon, anon," bai ko motsa daga inda yake ba. A hankali kalmar ta saki, ta koma ba da jimawa ba, ta ƙara saki ta koma wani lokaci can. In suka ce "ever and anon" kuma, jefi-jefi ke nan. Yau ba mai faɗarta sai da wasa wajen sallama, ko marubucin da ke son ya ce zai dawo kan magana a gaba. Wadda ku kuka sani a waya, mai nufin wanda ya ɓoye sunansa, daban take, gutsuren wata kalma ce, ba su haɗa kaka ba.

Masu ƙamus sun ce haka kalmomin lokaci suke yi. Ni kuwa a kan masu alkawari na ɗora laifin. Ai mu ma "yanzu" ta yi laushi a bakinmu har sai mun ninka ta mun ce yanzu-yanzu. Kuma duk wanda tela ya taɓa ce wa "ina zuwa" ana jibi Salla ya san abin da ya sami anon.

Sanin tarihi dai bai gaya mini wadda alƙalin ke nufi a kowace rana ba. Wannan ido ne ya ba ni. Na lura in ya cire tabarau ya bar shi a kan tebur, to ta dā yake nufi, maganinsa kawai ya je sha. In ya saka shi a aljihun riga, sai bayan azahar. Shekaru na yi ina gaya wa mutanena su zauna ko su je su yi salla, ban taɓa kuskurewa ba, ban kuma taɓa katse kotu da tambaya ba. Alƙalin bai san sunana ba. A lokacin alfahari nake yi da hakan.

Sai Mumuni. Wasunku sun san shi da Mista Mumuni mai kamfanin tafinta, mai farar mota. Ni na san shi yana tura gadon marasa lafiya a asibiti, da rigar aiki da ta yi masa yawa. Ɗan zangon Kumasi ne, na girme shi da kusan shekara ashirin. Lokacin Alhaji Ma'azu ya koma Maraɗi, aiki ya yi mini yawa, ga mutanen Ghana suna ta ƙaruwa. Wata rana na ji shi yana lallashin wata tsohuwa da Hausa a cikin lif, na ce ya same ni bayan ya tashi.

Hausarsa ta ba ni wahala. Ku da kuka ji mutanen zango kun sani, mace ma "ya zo" ce a bakinsu. Na ce masa a kotu, tsakanin "ya mare ta" da "ta mare shi" akwai gidan yari. Muka yi ta yi a motata har harshensa ya miƙe. Na koya masa wurin tsayawa, na koya masa yage shafi, na kai shi kantin da na sayi takalmina. Ba zan rage masa ba, yana da kunne, kuma yana da wata fara'a da ni Allah bai ba ni ba. Nas-nas da suka yi shekaru suna wuce ni ba gaisuwa, cikin wata guda sun san sunan 'ya'yansa.

Wata rana muna jiran a kira mu, muka zauna shan shayi a wani shago a kan titin Elm Street, na ba shi labarin anon tun daga tushe, har da misalin tela. Ya yi ta dariya yana buga tebur.

"Malam, wannan labari ya yi daɗi paa," in ji shi, da "paa" ɗinsu na Ghana mai nufin ƙwarai. "Kalma ma tana tsufa ta zama malalaciya!"

Ban kai ga maganar tabarau ba aka kira mu.

Shari'ar wani Malam Sabo a gaban alƙalin nan tawa ce, sunana aka rubuta. Direba ne mai raba kaya gida-gida, ana so a karɓe lasisinsa, ga iyali, kuma a garin nan kun san mutumin da ba ya tuƙi kamar an ɗaure masa ƙafa ne. Da safen motata ta mutu a tsakiyar Wendover, hayaƙi na tashi, masu mota suna ta yi mini oda. Na buga wa ofishin kotu na ce ga wanda zai maye gurbina, na tabbatar musu ya iya. Da bakina na faɗa.

Abin da ya faru na ji shi daga bakin Sabo, da lauyansa, da Mumunin kansa, kuma duk sun yi daidai. Ana tsakiyar magana alƙali ya miƙe ya ce za a ci gaba anon. Sabo ya riga ya fara tattara takardunsa, don kuɗin wurin ajiye motarsa ya kusa ƙarewa, yana kuma son ya yi alwala. Sai Mumuni ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, tafinta na neman ƙarin bayani. Wace anon ɗin kotu take nufi? Ta shekara dubu da ta wuce, ko ta yau? In ta dā ce, zan ce wa mutumin nan kada ya motsa. In ta yau ce, zan ce ya je ya duba motarsa."

Alƙali ya tsaya da hannu a kan ƙofa, ya juyo, ya dawo ya zauna.

"Shekara talatin ina faɗar kalmar nan a ɗakin nan," in ji shi, "ba wanda ya taɓa tambayata. Mene ne bambancin, a saninka?"

Mumuni ya zuba masa. Kalmomi biyun, tafiya ɗaya ba ratse, barorin masauki, duka. Alƙali ya yi dariya har da share ido, ya ce yau ta dā yake nufi, kowa ya zauna. Ya fita ya dawo nan da nan, ya saurari Sabo, ya bar masa lasisinsa da sharaɗi. Da Sabo ya fita duba mota aka kira shi ba ya nan, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Don haka Mumuni ya yi daidai. Tafintan da bai gane ba, tambaya ce ta wajaba a kansa, ni na koya masa hakan.

Alƙali ya tambaye shi inda ya samo wannan ilimi. Mumuni ya ce ya faɗi sunana. Na tambayi Sabo, ya ce ya ji wani abu mai kama da Ɗahiru, amma shi ba ya jin Turanci. Lauyan ya ce bai riƙe ba. Ni dai ina bakin titi ina jiran motar janwe.

Tun daga ranar, in shari'ar Bahaushe ta zo ɗakin nan, sai magatakarda ta ce alƙali ya tambaya ko mutumin anon yana nan. Mutumin anon! Ni na ci ƙurar ƙamus ɗin nan har tari ya kama ni. Ni na yi shekaru ina karanta tabarau. Wanda ya san amsa ya yi shiru ba a gan shi ba, wanda ya tambaya sau ɗaya ya zama mutumin anon. Lauyoyi suka ji labari a wurin cin abinci, suka fara neman lambarsa. Asibitin da ya tura gado a cikinsa suka ɗauke shi yana horar da sababbin tafintoci.

Har jami'ar da ke gabashin gari suka gayyace shi ya yi wa ɗalibai magana a kan aikinmu. Ya zo har gida ya kawo mini katin gayyata, ya durƙusa ya gaida uwargidana. Na ce ina da aiki ranar. Ba ni da shi, kuma na je tare da uwargida, muka zauna a layin ƙarshe. Ya sa babbar riga mai aiki, ya yi kyau. Ya ba su labarin kalmar, ya kawo misalin tela, misalina, har da yadda nake ɗaga yatsa in na zo wurin. Ɗaki ya ɗauki dariya. Can ya hango ni ya ce, "Ga malamina can, shi ya koya mini duk wannan." Suka waiwayo suka tafa, tafi mai kyau, ban musa ba. Da aka tashi, layi ya miƙe a gabansa. Ni wata yarinya ce kaɗai ta zo wurina, tambaya take ko jakarta tana ƙarƙashin kujerar da ke kusa da ni.

A mota uwargida ta ce, "Malam, ai ɗanka ne. In ɗa ya yi suna, na ubansa ne."

Na ce, "Haka ne."

Shekarar annoba ita ce shekarar da sana'ar nan ta kusa kashe ni. Kotuna suka rufe, asibitoci suka hana kowa shiga sai marar lafiya. Aiki ya koma ta waya da ta bidiyo, kuma manyan wurare ba sa kiran mutum ɗaya, kamfani suke ba kwangila. Mumuni ya riga ya buɗe nasa, da tafintocin Hausa da na Twi, yaren Ghana, da na Faransanci. Ni kuwa wayata ta yi shiru kamar an binne ta. Mumuni ne kaɗai ya kira ni, tun a makon farko.

"Malam, ka zo mu yi tare. Akwai aiki, wallahi ya fi ƙarfinmu."

"Na gode, ina da abin yi."

Abin yin shi ne siton nan na bayan Wendover. Na koma ɗaukar kwali ina da shekara sittin, da takunkumi a fuska, yaran da ba su kai 'ya'yana ba suna nuna mini inda zan ajiye kaya. Gwiwata ta kumbura har ba na iya sujada sai a kujera. Da sanyi ya shigo, uwargida ta ajiye mini abinci ta zauna ta ce, "Girman kai ba ya biyan haya, kuma ba ya sayen gwiwa. In ba ka kira shi ba ni zan kira matarsa." Na kira. Washegari ya aiko da kwamfuta da abin sa wa a kunne, ya turo wata ma'aikaciyarsa ta koya mini yadda ake shiga. Na zauna a ɗakin baya, da labule a bayana, ina fassara wa mutanen da numfashi ke gagara, ba na ganin hannunsu, ba na ganin inda suke dafawa, rabin aikin ya tafi. Kuma a kusurwar allon, kullum, ga sunan kamfaninsa a ƙarƙashin fuskata.

Bai taɓa yi mini gori ba. Da ya yi, da na samu abin riƙewa.

Aikin da zan rufe muku da shi na bara ne. Mahaifiyar Mumuni, Mma Adiza, ta zo daga Kumasi ganin jikoki, sai ciwon ciki ya kwantar da ita. Aka yi gwaje-gwaje. Wata safiya ya kira ni, muryarsa ba yadda na san ta ba, ya ce likita za ta yi musu bayani da hantsi, yana so in zo.

Na ce, "Kana da tafintoci cike da ofis."

"Malam, kai nake so."

Na same shi a baranda yana kai da kawowa. Ya riga ya ga takardun, ya san abin da ke ciki. Ya ce, "Ka san ba a yarda ɗa ya fassara wa uwarsa ba. Ko an yarda ma ba zan iya ba, zan rage. Yarana na ofis kuma in suka ga idona za su rage. Mma ba ta son a ɓoye mata abu. Kai ne ba za ka rage ba."

Muka shiga. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, da carbi a hannu, idonta tar. Na gaishe ta, na tsaya a bayan kafaɗarta. Likita mace ce, ta jawo kujera ta zauna. Ta ce ciwon daji ne, ya bazu zuwa hanta, aiki ba zai yi amfani ba. Na faɗa da Hausa, da bakin likita, kalma bayan kalma. Mumuni yana tsaye a jikin taga ya juya mana baya.

Mma Adiza ta ja carbi ta ce, "Zan kai azumi?"

Na juya wa likita tambayar, na bayyana mata lokacin da azumin zai kama, don wannan ma aikin tafinta ne. Likita ta ce ba ta tsammani.

Na ce, "Ba na tsammani."

Tsohuwa ta gyaɗa kai. Ta yi tambayoyi masu ma'ana, ko za ta iya hawa jirgi, ko maganin zafin zai hana ta sanin lokacin salla. Ta sako wata kalmar Twi da ban sani ba, na ɗaga hannu na ce tafinta na neman ƙarin bayani, ta fassara mini da kanta tana murmushi. Da likita ta fita, ta ɗago ta dube ni sosai.

"Kai ne Malam Ɗahiru? Allah ya yi maka albarka. Ka faɗa mini tsaf, ba ka yi mini wasa da hankali ba." Sannan ta juya. "Mumuni, zo nan. Ƙafata tana sanyi."

Mutumin nan mai kamfani, mai farar mota, ya zo ya durƙusa a ƙasan gado, ya ɗauki ƙafafunta ya ɗora a cinyarsa yana murzawa, hawaye na zuba a kan rigarsa. Ita kuma ta ɗora hannu a kansa tana yi masa faɗa a hankali, wai ya rame, wai ba ya cin abinci a kan lokaci. Aikina ya ƙare. Na yage shafina, na sa a kwandon da ake lalata takardu, na fita ba wanda ya ji takuna.

Na daɗe a mota ban tayar ba. Tawa mahaifiyar a Funtua ta rasu, a shekarata ta uku a ƙasar nan, takarduna ba su fito ba, ba halin tafiya. Ina tsakiyar ɗaukar kaya ƙanena ya kira, kafin in samu wurin da zan ji shi sosai har an kai ta makwancinta. Ban san wanda ya gaya mata abin da ke damunta ba, ban san ko an gaya mata ba. Alƙali da lauyoyi da tafin jami'a, duk na yi shekaru ina jin zafinsu, kuma har yau ina ji, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ranar nan a filin ajiye motoci na asibiti na ce a raina, ya riƙe su duka, da za a ba ni hantsi ɗaya irin nasa, da ƙafafun nan masu sanyi a cinyata.

Mma Adiza ta samu ta hau jirgi, shi ya raka ta. A ɗakinta na zango ta cika, yana riƙe da ita, saura kwanaki a ga watan azumi.